Daga Ɗab'in Harufan Dalma Zuwa Ɗinkin Littafi da Aikin Fata: Jagora ga Mai Maɗaba'a a Kano

Duk wanda ya san ƙananan maɗaba'un Sabon Gari da Fagge ya san cewa aikin jera harufan dalma ɗaya bayan ɗaya ya daɗe da ja da baya. Injin ofset, wanda ke bugu da faranti maimakon harufan dalma, shi ne ya fara karɓe manyan ayyuka, daga baya kwamfuta da injinan dijital suka kwashe ƙananan, har ta kai katin ɗaurin auren da a da ake wuni ana jera shi, yanzu matashi yana tsara shi a wayarsa cikin 'yan mintoci. Tsofaffin injinan da suka rage, irin su Heidelberg mai hannu biyu da ke juyawa yana ɗaukar takarda, yawancinsu sun daina buga rubutu, sai dai buga lamba a jikin rasit, da huda layin yagewa, da yankan kwali. An rubuta wannan jagora ne domin ma'aikacin da ya ƙware a tsohon ɗab'in, yake kuma tunanin komawa wata sana'ar hannu. Shawarar da za a bi a nan ita ce kada ya rabu da kayansa ya koma ɗan koyo a sana'ar da ba ta da dangantaka da tasa, ya fara da wadda ta fi kusa da abin da hannunsa ya riga ya sani, wato ɗinkin littafi da buga tambari a jikin fata.

Kafin a sayar da ko da ƙusa ɗaya daga shagon, ya kamata mai sana'a ya zauna ya lissafa abin da ya mallaka, kuma ya fara da abin da ba a ajiye shi a kan kanta. Mai jera harufa yana da idon da ya saba da awo mai tsanani, domin ma'auninsa na yau da kullum shi ne foyint, kimanin kashi ɗaya cikin 72 na inci, kuma ya san cewa kowane harafi dole tsayinsa ya zama inci 0.918, kimanin milimita 23.3, in ba haka ba bugun zai fito wani wuri da duhu wani wuri da haske. Yana karanta rubutu a juye ba tare da ya tsaya tunani ba. Ya san yadda ake ƙara ko rage shimfiɗar takarda a bayan aiki har matsi ya daidaita, ya kuma san inda jijiyar takarda, wato ɓangaren da zarurukan cikinta suka kwanta, ta dosa ta hanyar lanƙwasa ta kawai. Waɗannan abubuwa ne da sabon mai ɗinkin littafi ke shafe shekaru kafin su zauna masa.

Daga cikin kayan ƙarfe, injin yankan takarda shi ne na ƙarshe da za a yi tunanin sayarwa, domin babu littafin da zai fita da kyau ba tare da shi ba. A riƙe matsin hannu, wato abin danne takarda da ake juyawa da hannu, idan akwai, da firam ɗin ƙarfen da ake ɗaure harufa a ciki, da makullansa, da katakon cike gurbi, da manyan harufan katako da ake buga fosta da su. Harufan dalma kuwa suna buƙatar a tantance su. Ƙanana da suka lalace ba su da amfani a sabuwar sana'ar, amma manya masu kauri, daga foyint 24 zuwa sama, su ne za su buga suna a bangon littafi. Wanda Allah Ya sa yana da harufa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, to ya adana su da kyau, domin ba sa zuwa a cikin jerin harufan Ingilishi da aka saba shigowa da su, kuma mai suna Ɗanladi ko Ɗahiru zai so ya ga an buga sunansa daidai.

Akwai gargaɗin da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Tun zamanin Gutenberg, Bajamushen da ya kawo ɗab'i da harufan ƙarfe a Turai wajen shekarar 1450, ana zuba harufan ɗab'i ne da gaurayen dalma da kuza da antimoni, kuma dalma guba ce da ke taruwa a jiki, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa. Mutanen Arewa sun ga irin ɓarnarta a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Saboda haka idan za a sayar da lalatattun harufa, kada a miƙa su ga 'yan gwangwan da ba a san inda za su kai su ba, domin suna iya ƙarewa a wurin masu narka ƙarfe su zuba tukwanen girki. Kada a narka su a cikin gida, kada a bar yara su yi wasa da su, kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ko da kuwa an shekara talatin ana aikin ba a ga komai ba.

Dalilin da ya sa na fifita littafi da fata

Kano ba ta rasa sana'o'in hannu da mutum zai zaɓa. Akwai rini a Ƙofar Mata, inda ake danganta kafuwar marinar da shekarar 1498, akwai saƙa da ɗinkin hula da sassaƙa da ƙira, akwai kuma dukanci, wanda matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar yana ci a 1851, har ya ba da labarin takalman Kano da ake kai wa ƙasashe masu nisa. A ganina rini bai dace ya zama matakin farko ba. Haɗa baba da toka a karofi har ruwan ya nuna ilimi ne da ake tasowa a cikinsa, kuma babu wani abu a shagon ɗab'i da zai taimaka wajen koyonsa. Ɗinkin littafi kuwa maƙwabcin ɗab'i ne na jini, tunda takarda ce da kwali da awo da matsi, kuma da zarar an kai ga bango, an shiga gonar dukawa. Nan ne mai maɗaba'a yake da abin da zai kawo wanda baduku ba shi da shi, wato rubutu madaidaici da ake iya maimaitawa sau ɗari ba tare da ya karkace ba.

Sai dai sanin takarda ba ya nufin sanin fata, kuma dole a je a koya. A nemi dattijon baduku a Kasuwar Kurmi ko a wajen Ƙofar Wambai ta hannun wanda ya san shi, a je masa da gaisuwa da ɗan goro, a faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo mutum. Ko da mai maɗaba'a ya girme shi, ya kira shi Malam ko Maigida, ya zauna inda aka nuna masa, domin mai shago a Sabon Gari ɗan koyo ne a rumfar dukawa. Abubuwa uku ake so a samu a wurinsa: yadda ake zaɓen fata, yadda ake wasa wuƙa, da yadda ake rage wa gefen fata kauri ba tare da an huda ta ba. Yana da kyau a bayyana tun farko cewa ba jaka ko takalmi za a riƙa yi ba, domin hankalinsa ya kwanta cewa ba kishiya yake raino ba, har ma a nuna masa cewa za a iya buga masa suna ko tambari a jikin kayansa.

Wajen sayen fata, bambancin da ya fi muhimmanci shi ne na jima. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa tana shan ruwa, tana karɓar zane, kuma idan ta bushe zanen yana zama daram. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, irin wadda manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa suka fi fitarwa, tana da laushi da kyan gani, amma idan an danna ta ba tare da zafi ba sai ta taso ta koma yadda take. Gane su ba shi da wuya. A yanki ɗan gefe a duba cikinsa, idan ya yi shuɗi-shuɗi mai toka-toka ta kurom ce, idan ya yi ruwan ƙasa ta bagaruwa ce. Sannan a ɗiga ruwa a danna farce, a jira ta bushe a ga ko alamar ta tsaya. Fatar akuya ita ce ta bangon littafi, musamman ta jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu bango da ita da sunan fatar Maroko, saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. A ɗaga kowace fata a hasken rana a duba tabon ƙaya da na wuƙar fiɗa, a kuma shinshina ta, domin wadda jimarta ba ta kammala ba warinta ba ya barin littafi.

Aikin gwaji na farko

Abin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne littafin rubutu mai girman A5, milimita 148 da 210, mai bangon fata. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su ɗauko rim ɗin A4 su ninka kowace takarda biyu. Jijiyar yawancin takardar A4 tana bin tsawonta ne, don haka idan an ninka ta sai jijiyar ta gitta ƙashin bayan littafin, shafuka su ƙi kwanciya, gindinsu kuma ya yi tamoji da zarar gam ya taɓa shi. Mai injin yanka ba shi da uzuri a nan. Ya yanko takardarsa daga babban falle, yadda jijiyar za ta bi ɓangaren milimita 210, haka kuma kwalin bango da ƙyallen da za a manna a baya, duk jijiyarsu ta bi tsawon littafin.

A haɗa takarda huɗu a ninka su tare, wannan ƙunshi ɗaya ke nan mai shafi 16, kuma ƙunshi goma zai ba da shafi 160. A goge kowane ninki da ƙashi mai santsi, a jera su a matsi su kwana. Washegari a yi ma'auni da guntun kwali mai alamar huda shida, a sa shi a tsakiyar kowane ƙunshi a huda da basilla, domin ramukan su hau layi ɗaya. A ja zare mai ƙarfi a jikin kakin zuma sau biyu ko uku don kada ya riƙa sarƙewa, a ɗinka ƙunshi na farko a kan ƙyallaye biyu masu faɗin yatsa, a ɗora na biyu a dawo da ɗinkin, ana ɗaure kowane ƙunshi da na ƙasansa a ƙarshen layi. Jan zaren yana son hankali, domin idan ya yi sako-sako littafin zai riƙa rawa, idan kuma ya yi tsauri zai yaga takardar daga rami zuwa rami. Bayan an manna takardun fari na gaba da na baya, sai a shafa farin gam a ƙashin bayan, a ɗora ƙyalle marar kauri, a bari ya bushe kafin a kai shi injin yanka a daidaita gefuna uku.

Kwalin bango mai kaurin milimita 2 ya isa. A yanka shi yadda zai zarce shafukan da milimita 3 a sama da ƙasa da gaba, a bar tazarar kimanin milimita 7 tsakaninsa da kwalin ƙashin baya domin bangon ya sami wurin buɗewa. Fatar kuma a bar mata rarar milimita 15 zuwa 20 a kowane gefe, kuma wannan rarar ce ake rage wa kauri ta ciki, a kan gilashi ko dutse mai santsi, ana kwantar da wuƙar sosai ana tura ta waje. A nan sabon hannu yake ɓata fata, don haka a yi ta gwaji a kan guntayen da dukawa ke zubarwa har hannu ya faɗa. Wajen manna fata, kunun fulawa ya fi farin gam, domin yana jiƙa ta ya sa ta miƙe, yana kuma ba da lokacin gyara kusurwa. Ana dama awo ɗaya na fulawa da kimanin awo biyar na ruwa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri ya yi sheƙi, a tace shi, a kuma yi wanda za a ƙarar a kwana ɗaya ko biyu, domin a zafin Kano ba ya jimawa yake tsami. Gam mai warin fetur da masu takalma ke amfani da shi bai dace da littafi ba.

Buga suna ko tambari ana yin sa ne bayan bangon ya bushe, kafin a haɗa shi da shafukan. A jera harufan a firam kamar yadda aka saba, a ɗan buɗa tsakaninsu fiye da yadda ake yi wa takarda, domin fata tana cike ƙananan gurabe. A shafa wa wurin ruwa da soso, a jira har launin fatar ya fara komawa yadda yake, lokacin ne ta fi karɓar matsi. Idan da injin ɗab'i za a yi, a cire rololin tawada, a kwashe shimfiɗar baya gaba ɗaya, a sassauta matsin, sannan a juya injin da hannu a hankali, domin kwali da fata sun ninka takarda kauri sau da yawa, kuma bugu ɗaya da ƙarfin wutar lantarki yana iya murƙushe harufan ko ya fasa wani abu a injin. Matsin hannu ya fi aminci, tunda ana iya barin aikin a danne na kusan minti ɗaya. Dalma ƙarfe ne mai laushi, saboda haka tambarin da za a riƙa maimaitawa, kamar na makaranta ko na kamfani, gara a kai wa masu sassaƙa hatimi su fitar da shi a jikin tagulla. Rubutun ruwan zinare kuma yana buƙatar zafin da ya kai digiri 100 zuwa 130 a ma'aunin Salsiyas, gwargwadon irin takardar zinaren, kuma harufan dalma suna jure wannan a ɗan ƙaramin aiki, amma suna saurin dakushewa.

Wanda zai yi aiki a Kano dole littattafan Larabci da na ajami su zo hannunsa, kuma su daga dama ake buɗe su, don haka fuskar bangon tana ɓangaren da ɗan boko ya saba ɗauka baya ne. A tabbatar da wannan kafin a danna tambari, domin zanen fata ba ya gogewa. Alƙur'ani rubutun hannu kuwa ba a ɗinka shi, warwaren takardu ne da ake sa wa tadarishi, wato bangon fata, a ɗaure, a saka a gafaka, kuma abin da mai shi yake so shi ne bango mai ƙarfi daidai da girman takardun. Kada a kusanci gefen irin waɗannan takardu da injin yanka, komai rashin daidaituwarsu. Haka nan kada a buga aya ko sunan Allah a jikin abin da ake ajiyewa a ƙasa ko ake shiga ko'ina da shi, ko da mai saye ya nema.

Yanayin gari ma yana da hannu a aikin. Da hunturu gam yana bushewa kafin a gama shafa shi, kwali yana kantarewa, ƙura kuma tana manne wa duk abin da ke da danshi, saboda haka a riƙa shafa wuri kaɗan-kaɗan, a rufe taga, a bar littafi a matsi fiye da yadda aka saba. Da damina kuma fumfuna ce abokiyar gaba, sai a rataye fatu inda iska ke ratsawa, kada a naɗe su a leda. Kyankyasai da gara suna son kunun fulawa, don haka kayan da aka gama a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango.

Idan hannu ya zauna a kan littafi da fata, ana iya leƙa bugun yadi, wato buga ado a jikin yadi, tunda mai karanta rubutu a juye ba zai sha wahalar sassaƙa zane a juye a jikin katako ko roba ba. Tawadar maɗaba'a ba ta dace da kayan sawa ba, sai an nemi ta yadi, wadda ake kama ta da zafin dutsen guga bayan ta bushe. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayo farin yadin auduga a Kantin Kwari, a wanke sitacinsa, a buga zanen da narkakken kaki, a kai wa marina su tsoma, sannan a yi bangon littattafai masu rahusa da shi.

Farashi da kasuwa

A nan ne tsohuwar al'adar maɗaba'a take cutar da mutum. A ɗab'i wahalar tana wajen jera harufa da daidaita inji, bayan nan kwafi na dubu bai fi na ɗari tsada da yawa ba, shi ya sa mai maɗaba'a ya saba rage farashi idan aiki ya yi yawa. A aikin hannu littafi na hamsin yana cin lokaci da fata daidai da na farko. Saboda haka a auna sa'o'in da littafi ɗaya yake ci, a sa musu kuɗi kamar yadda za a biya ƙwararren ma'aikaci, a haɗa da kuɗin fata har da ɓangarorin ciki da ƙafafu da ba sa shiga aiki, sannan a ɗora riba. Duk aikin da za a buga wa suna a karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya, domin littafin da ke ɗauke da sunan wani ba ya sayuwa ga kowa idan mai shi ya fasa.

Masu saye na farko suna kusa. Ɗaliban Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu suna buƙatar bango mai tauri da rubutun zinare a kundin kammala karatunsu, aikin ba na fata ba ne, amma yana kawo kuɗin cefane yana kuma horar da hannu. Malaman zaure suna da littattafan da suka ɓalle saboda yawan buɗawa, kuma malami ɗaya da ya gamsu ya isa ya turo almajiransa. Akwai kyautar saukar Alƙur'ani, da rajistar baƙi ta ofisoshi, da kyautar ban kwana ga wanda ya yi ritaya. Tsofaffin abokan cinikin maɗaba'a su ne za a fara nuna wa samfuri, kafin a yi maganar hoto a WhatsApp da Instagram ko kama rumfa a kasuwar baje koli.

Kada a yanke tsohon aiki rana ɗaya. A ci gaba da karɓar buga lambar rasit da yankan kwali, a ware musu ranaku biyu ko uku a mako, sauran ranakun a ba sabuwar sana'ar, kuma a buɗe mata littafin lissafinta daban domin a san ko tana ciyar da kanta ko tsohon injin ne yake ɗauke da ita. Sai an ga ta biya kayanta da ladan mai yin ta a watanni da dama a jere, har da watannin da kasuwa ke sanyi, sannan a fara rage ranakun rasit. A tsawon wannan lokaci a riƙa zuba wa injin mai ana juya shi ko da sau ɗaya a mako, a cire rololinsa a ajiye su a inuwa yadda robar ba za ta jingina da komai ba, a kuma lulluɓe akwatunan harufa kafin ƙurar hunturu ta sauka.